Tambaya da Amsa: Kodin da dare, lakca da safe

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu daga ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne, kuma kukansu ɗaya: karatu na ja ta nan, kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, na ja ta can. Na ɗauki biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Shi kuma bawan Allah da ya aiko yana tambayar inda ake canja gilashin waya, ya yi haƙuri ya gangara Adum, wannan ba layina ba ne.

TAMBAYA: Malam, ina shekara ta biyu, zango na biyu, a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Tun zangon da ya wuce na duƙufa koyon React da Flutter, kayan gina manhajar intanet da ta waya, a YouTube, ina kai ƙarfe biyu ko uku na dare, da safe in shiga lakca ina gyangyaɗi. CWA ɗina, wato matsakaicin makina na duk zangunan da na yi, ya sauko daga 64 zuwa 58. Wani abokina ya ce kada in damu, kamfanoni yanzu ba sa duba takarda, abin da ka iya suke dubawa. Ni kuma da kuɗin goro babana yake biya mini karatu. Wanne zan saki, wanne zan kama? (Ɗalibi daga Aboabo)

AMSA: Ƙanena, Allah ya yi wa kasuwar Baba albarka. Mu fara da lissafi, tunda shi ne sana'armu. In nauyin kwasa-kwasanka kusan ɗaya ne a kowane zango, wanda ya taso da 64 bayan zango biyu ya koma 58 bayan na uku, to abin da ya samu a na ukun nan bai wuce 46 ba. Ka ga ba ɗan zamewa ka yi ba, ƙasa ka sha, tsohon makinka ne ya rufa maka asiri. A KNUST daga 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, daga 60 zuwa ƙasa da 70 daraja ta biyu ta sama. Zango biyar suka rage maka har da wanda kake ciki. In kana son ka fita da 60, sai ka riƙa samun 61 da ɗan ɗoriya a kowanne, kuma wannan ba zai gagari wanda ya taɓa yin 64 ba. In kuwa 70 kake hange, sai ka riƙa buga 77 har ka gama, wannan kam sai wani ikon Allah. Duk zangon da ka ƙara sakewa lissafin ƙara tsanani yake, don CWA ba ya mantuwa, makin bara yana nan yana bin ka har ranar yaye ku.

Maganar abokinka rabinta gaskiya ce. Ni ma idan matashi ya zo neman aiki a ɗan ofishinmu, kafin in duba takardarsa sai na ce ya buɗe laftof ya nuna mini abin da ya gina. Amma ƙaramin kamfani irin namu ba shi ne duniya ba. Bankuna da manyan kamfanonin da ke ɗaukar sababbin masu digiri sukan tace takardu da daraja tun kafin a kira mutum. Tallafin karatun digiri na biyu irin na Commonwealth a Ingila, a ƙa'idarsa daraja ta biyu ta sama yake nema. Ko zama mataimakin malami a sashenku lokacin hidimar ƙasa, masu maki ake fara dubawa. Ba ka san wacce daga cikin waɗannan za ka buƙata nan da shekara biyar ba. Sannan ka tambayi abokin nan naka, shi aiki nawa ya samu da wannan shawara tasa?

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Abin da kake yi da dare, ni ban yarda gogewa ba ce. Mutum ya kunna bidiyo, mai bidiyon ya rubuta layi, shi ma ya rubuta layi, can manhaja ta tashi, ya ji daɗi ya kwanta. Gwada wannan yau: rufe YouTube, buɗe sabon fayil, ka sake gina rabin abin da kuka gina jiya ba tare da leƙe ba. In ka tsaya kana kallon allo allo na kallonka, to maki 18 ka sayar ka sayi kallon wani yana aiki. Kuma React da Flutter a lokaci guda? Ɗaya da yaren JavaScript ake rubuta shi, ɗaya da yaren Dart. Wa ke korar ka?

Abin da ke koya wa mutum sana'ar nan shi ne ya ɗauki matsalar wani mutum na zahiri, ƙarama, ya gina mata magani, mutumin ya yi amfani da shi ya dawo ya ce bai yi ba. Bari in ba ka labarin wata ɗaliba da ta yi atacimen, wato koyon aiki na ɗalibai, a wurinmu. Mahaifiyarta uwar adashi ce a kasuwar Asawase. Mata sun fi arba'in, wasu zubin kullum, wasu sai Juma'a, wasu hannu da hannu, wasu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk a littafi ɗaya mai bangon kwali da ya sha manja. Na ce mata ta ajiye manhajar sayar da takalma da take kwaikwaya daga intanet, ta mayar mana da littafin nan cikin waya.

Makon farko ta adana kowace mace da sunanta. Sai ga Amina har uku, biyu ma sunan mahaifinsu ɗaya. Zubin wannan ya hau kan waccan. Nan ta gane dalilin da malamin rumbun bayanai yake nanata cewa kowane layi sai da lambar da ta keɓanta da shi, abin da ta haddace don jarrabawa ba ta san ranarsa ba. Ta ce to bari ta yi da lambar waya. Ta adana ta a matsayin adadi, kwamfuta ta cinye sifirin farko, 024 ya koma 24, lamba goma ta zama tara. Wata kuma an rubuta ta sau biyu, sau ɗaya da sifiri sau ɗaya da +233, mace guda ta zama mutum biyu. Wasu matan ma waya ɗaya suke amfani da ita su da mijin.

Da aka zo kan kuɗi, ta rubuta sidi da ɗigo. Buɗe yaren Python yanzu ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Dalili shi ne kwamfuta da sifiri da ɗaya take ajiye adadi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a wannan tsarin, dole ta yanke shi a wani wuri. Wannan na cikin darasin yadda kwamfuta ke riƙe lambobi, irin darasin da ake gyangyaɗi a cikinsa. Maganin kuwa a ajiye kuɗi da pesewa, cikakken adadi, sidi 12 da pesewa 50 ya zama 1250, sai wajen nunawa a raba da 100.

Ranar da aka kai manhajar kasuwa kuma, sabis ya ɗauke a cikin rumfa. Hajiya ta danna wurin ajiyewa, ta ga bai motsa ba, ta sake dannawa, ta sake. Da sabis ya dawo, zubi ɗaya ya shiga sau uku. Hajiya ta kife wayar, ta jawo littafinta, ta ce shi dai wannan bai taɓa yi mata ƙarya ba. Yarinyar ta kwana biyu ba walwala, amma ta gyara: kowane zubi ya samu lambarsa tun daga cikin wayar, in saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan daga wayar, ta ga lambar da ta riga ta karɓa sai ta ƙi. Da irin wannan dabarar kamfanonin hada-hadar kuɗi ke hana a cire wa mutum kuɗi sau biyu. Da ta koma makaranta, manhajar nan ta faɗaɗa ta zama aikinta na shekarar ƙarshe. Babu mai bidiyon da zai haɗa ka da Amina uku.

Saboda haka ka duba kwasa-kwasan zangon nan, ka ɗauki ɗaya, ka nemo aikin da zai hau kansa. Ba sai ka je nesa ba, ga littafin bashin Baba: wa ya ɗauki huhu nawa, ya kawo nawa, saura nawa. In rumbun bayanai kuke yi, ya faɗo daidai. In algoridim ne, wato tsara matakan warware matsala, gwada neman suna ɗaya cikin miliyan. Bi ɗaya bayan ɗaya na iya kai ka taki miliyan, amma in sunayen a jere suke kana raba su biyu kana jefar da rabi, taki 20 ya ishe ka. Rubuta duka biyun, ka auna lokacin, ka gani da idonka. Awa ɗaya a kan wannan karatun jarrabawa ce kuma gogewa ce.

Batun lokaci, an ce taura biyu ba ta taunuwa. Haka ne, amma ɗaya bayan ɗaya tana taunuwa. Makonni uku ko huɗu na farkon zango da sauƙi, nan za ka ba aikinka ƙarfi. Da jarrabawar tsakiya ta matso, ka mayar da shi ranar Asabar kawai. Makonni uku kafin ta ƙarshe, wadda ita ke ɗauke da mafi yawan maki, ka tura kod ɗinka GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ka rubuta wa kanka 'yar takarda a ciki cewa ga inda na tsaya ga abin da ya saura, ka rufe. Dogon hutu naka ne, ka yi Flutter har ka gaji. Ka daina kai ƙarfe uku. Awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kafin hostel ya cika da hayaniya, ta fi awa huɗun da kake yi ido na rufewa.

TAMBAYA: Yaya, ni mace ce, ina shekara ta uku a wata jami'a a nan Kumasi. Daga gida nake zuwa, trotro biyu nake hawa, in na dawo ga girki ga ƙanne. Laftof ɗaya muke rabawa da yayana. A aikin rukuni kullum mazan ne ke rubuta kod, ni su ce in yi rahoto tunda rubutuna ya fi kyau. Makina da kyau, amma in aka ce in rubuta manhaja ni kaɗai sai gabana ya faɗi. Yaya zan yi? (Ɗaliba daga Sawaba)

AMSA: Ƙanwata, taki matsalar ta fi ta ɗan'uwanki na sama iya ɓoya, don takarda na nuna komai lafiya lau. Sai ranar da aka ajiye miki laftof aka ce bismillah.

Maganar rukuni tun zaman farko ake yanke ta. Kafin kowa ya buɗe baki, ki ce ɓangaren rajista da shiga nawa ne, ko ɓangaren rumbun bayanai nawa ne. Faɗa za ki yi, ba roƙo ba. Rahoto kuma kowa ya rubuta na ɓangarensa, in ya so ki gyara musu Turanci a ƙarshe. Sannan ki dage a yi aikin a kan Git. Wannan manhaja da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 tana rubuta wanda ya saka kowane layi da ranar da ya saka, kin ga babu mai cewa shi ya yi naki, kuma gobe mai ɗaukar aiki zai iya buɗewa ya ga hannunki. Za ki yi jinkiri da farko, za su yi gunaguni cewa kina ja musu baya. Ki ƙyale su. Su ma da kuskure suka koya, bambancin kawai su ba sa jin kunyarsa. Yabon rubutunki da suke yi ma, ki duba da kyau, rahoton ne ba sa so.

Faɗuwar gaba kuma maganinta ƙananan abubuwa da ake gamawa. Manhajar da za ta lissafa miki CWA, layi talatin ne. Wadda za ta raba kuɗin cefane na wata, ba ta fi haka ba. Ki gama ɗaya duk mako, ke kaɗai, kada ki nuna wa kowa sai ta yi aiki.

Laftof ɗin, ku zauna da yayanki ku raba ranaku a fili, kada a bar shi ga wanda ya riga ɗauka. In wayarki Android ce, akwai wata manhaja mai suna Termux, ana iya saka Python da Git a ciki. Ba daɗi, yatsa na gajiya, amma da babu gara ba daɗi. Zaman trotro ma ba asara ba ne in kin riƙe takarda: rubuta ɗan kod layi goma, ki bi shi da biro layi-layi kina rubuta abin da kowane suna ke riƙe da shi, ki faɗi sakamako kafin kwamfuta ta faɗa miki. Kafin ki fita daga cunkoso kin gama. Littafin bayanin Python ana iya sauke shi gaba ɗaya a karanta ba intanet, ki sauke da intanet ɗin makaranta ki adana datarki. In Allah ya hore kuɗin saye, tsohuwar ThinkPad ko Latitude mai RAM 8 da SSD ta ishe ki. Ki tafi Adum da wanda ya sani, ki cire caja ki ga batirin zai yi minti nawa, ki danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya kafin ki ba da ko sisi. A manhajojin rubuta kod, Android Studio na da nauyi a kan ƙaramar na'ura, VS Code ya fi sauƙi. Da imel ɗinki na makaranta kuma ki nemi kunshin ɗalibai na GitHub, kyauta ne.

Na gida, ki zauna da Mma ki nemi yamma biyu a mako, ƙanne su riƙe tukunya. Kada ki ce mata kawai kina karatu, ki nuna mata abin da kika gina ta danna da hannunta. Iyayenmu in sun ga abu da ido sukan ba da hanya.

Kada kuma ki zauna ke kaɗai. Akwai Kumasi Hive a Kentinkrono da hapaSpace, sukan shirya horo da taruka. Akwai PyLadies Ghana ta mata masu Python, kuma a Accra aka yi taron PyCon Africa na farko a 2019. Ki leƙa shafin Outreachy, shiri ne na wata uku da ake biyan mutum ya yi aiki daga gida a kan manhajojin da kod ɗinsu a buɗe yake, an yi shi ne don jawo waɗanda ba a cika gani a fagen nan ba. Kafin a zaɓi mutum sai ya ɗan ba da gudummawa a aikin, wannan kaɗai ma makaranta ce ko ba a ɗauke ki ba.

TAMBAYA: Malam, wane yaren kwamfuta ya fi, Python ko Java ko JavaScript ko C++? Kowa na tambaya sai ya faɗi daban. (Ɗalibi daga Tafo Zongo)

AMSA: Wanda malaminka zai yi maka jarrabawa a kai wannan zangon. Ka riƙe shi har ka iya gina abu da shi ba kallo. Wanda ya san yare ɗaya sosai, na biyu makonni kaɗan yake ɗauka, don sharaɗi da maimaitawa da jera bayanai duk suna nan, tufafi kawai suka canja. Ka haɗa da SQL, yaren rumbun bayanai, da Git. SQL tun shekarun 1970 yake nan, yarukan yayi da yawa sun zo sun wuce ya bi su da kallo.

TAMBAYA: Malam, ni ban yi boko ba, 'yata ce ta rubuta mini wannan. Ɗana yana shekarar ƙarshe a jami'a, karatun kwamfuta. In ya zo gida ba ya barci da dare, yana kan kwamfuta yana magana da Turawa. Kuɗi na shigo masa, har ya saya wa uwarsa firji. Mutane sun fara tsegumi a masallaci cewa sakawa yake yi, wato damfarar intanet. Shi ya ce aiki yake wa wani kamfani a Amurka, kuma yana so ya dakatar da karatu shekara ɗaya. Hankalina bai kwanta ba. (Uba daga Yalwa)

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya shirya mana zuri'a. Rashin barcin dare shi kaɗai ba hujja ba ne. New York tana bayanmu da awa huɗu ko biyar gwargwadon lokacin shekara, California da awa bakwai ko takwas. In can ƙarfe tara na safe ne a California, nan la'asar ta wuce, kafin su tashi aiki mu dare ya raba. Kuma gaskiya ne akwai matasanmu da ke rubuta wa kamfanonin waje manhaja daga ɗakinsu, ana biyan su halal ɗinsu.

Amma tunda zuciya ta ƙi kwanciya, a bincika, kuma ba wuya. Ku nemi wani amintacce da ya san aikin, ɗan'uwa ko malaminsa, ya zauna da shi a gabanku. Mai aikin gaskiya zai faɗi sunan kamfanin, ya nuna takardar yarjejeniya, ya buɗe kod ɗin da yake rubutawa, ya nuna kuɗin na zuwa daga wuri ɗaya a kan lokaci sananne da sunansa. Allonsa rubutu ne jere-jere mai launi, mai gundurar kallo. Da sunansa na yanka yake magana da su, da fuskarsa. Abin da zai sa ku tashi tsaye shi ne in kun ga layukan waya barkatai, ko yana aron Ghana Card ko asusun MoMo na ƙannensa don a turo kuɗi, ko yana hira da wani suna da hoton wani mutum, ko yana rufe kwamfutar da sauri in an shigo. Wannan ba wasa ba ne, akwai dokar mu'amala ta intanet ta 2008 da dokar tsaron intanet ta 2020, kuma an miƙa wasu 'yan Ghana ga Amurka a kan irin wannan damfara. Wanda aka ari asusunsa ma ba ya tsira. Ku yi binciken a cikin gida, cikin mutunci. In yaron nan mai gaskiya ne, tsegumin masallaci ya ishe shi ciwo, kada ya ji ubansa ma ya bi sahu.

Dakatar da karatu kuwa, ranka ya daɗe, ban goyi baya ba. Da a shekarar farko yake da sai a tsaya a yi dogon tunani, amma wanda ya rage masa watanni? Irin wannan aikin da saƙo ɗaya ake sallamar mutum. A Accra kamfanin Twitter ya buɗe ofishinsa na Afirka, a Nuwamban 2022 aka sallami kusan duk ma'aikatan kwanaki kaɗan bayan sun shiga ofishin, kuma ƙwararru ne da aka zaɓo. Wanda ya ɗanɗana dala kuma, komawa aji na yi masa wuya, shekara ɗaya ta zama uku. Ga hidimar ƙasa tana jiran sa, wadda aikin gwamnati da manyan kamfanoni da yawa ke neman takardarta. Ya rubuta wa masu aikin ya ce yana shekarar ƙarshe, a rage masa awanni zuwa rabi har ya gama, da hutun mako uku lokacin jarrabawa. Kamfanin da ke jin daɗin aikinsa yakan yarda. In ya yiwu ma ya roƙi malamin da ke duba aikinsa na ƙarshe ya bar shi ya zaɓi batu kusa da abin da yake yi musu, ba tare da ya kwashi kod ɗinsu ba, don wannan amana ce.

TAMBAYA: Malam, ina shekarar farko. A ajinmu kusan kowa da ChatGPT yake yin aikin gida, minti biyar an gama, maki ya fito. Ni ina kwana a kan tambaya ɗaya. Ga shi jarrabawa a takarda ake rubuta kod, abin da ba mai yi a wurin aiki. Ba ɓata lokaci nake ba? (Ɗalibi daga Asokore Mampong)

AMSA: Ɗana, tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 nake ganin 'yan atacimen iri biyu. Akwai wanda zai kawo mini kod mai kyau kamar a lashe, in nuna layi ɗaya in ce wannan me yake yi, ya fara sosa ƙeya. Akwai wanda nasa a hargitse yake, amma in na ce ga kuskure, kafin in rufe baki ya san inda zai taɓa. Na biyun nake riƙewa.

Ni ma ina amfani da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT a aiki, ba zan ce maka haramun ba ce. Amma ni in ta yi ƙarya ina ganewa, kuma tana yi. Takan kawo sunan umarnin da babu shi, takan rubuta abin da ke aiki a kan misali uku ya fashe a na huɗu, duk cikin natsuwa kamar ta haddace. Wanda bai taɓa kwana a kan tambaya ɗaya ba, da me zai kama ta? Aikin gida na shekarar farko ba don malami na buƙatar manhajar ake ba ku ba, yana da amsar tun kafin a haife ka. Kanka ake so ya saba.

Ga yadda zan so ka yi. Rubuta naka tukuna, ko ya karkace. In ka maƙale, ka ba kanka minti talatin kana karanta saƙon kuskuren da kwamfuta ta fitar, don yawanci yana faɗin lambar layin da abin da ya faru, ɗalibai ne ba sa karantawa. Bayan nan ka tambaye ta, amma kada ka ce ta rubuta maka. Ce mata ta nuna maka inda tunaninka ya kauce, ko ta ba ka misalan da za su karya kod ɗinka. Kada ka miƙa layin da ba za ka iya bayyana shi a tsaye gaban allo ba. Ka kuma ji abin da malamin kowane kwas ya ce game da amfani da ita, in ya hana ya hana. Randa ka fara yi wa mutane aiki, kada ka kwafi sunayensu da lambobinsu ka zuba mata. Ghana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma ko ba doka, ba naka ba ne.

Rubuta kod a takarda kuma, ba na cikin masu zaginsa. A takarda babu mai cika maka kalma, babu maɓallin gwadawa, dole ka riƙe abin a kai. Wuraren ɗaukar aiki da yawa har yau sukan sa mutum ya warware matsala a gabansu yana faɗin tunaninsa, ba mataimaki. Abokan nan naka masu minti biyar, ɗakin jarrabawa ɗaya za ku shiga, biro iri ɗaya za ku riƙe.

Ga aikin wannan makon, kai da duk ɗan shekarar farko da ke karantawa. Rubuta manhajar da za ta karɓi lambar waya ta Ghana ko yaya aka rubuta ta, da sifiri, da +233, da 233 ba alama, da tazara a tsakani, ta mayar da ita siga ɗaya, ta kuma ƙi wadda lambobinta ba su cika ba. A takarda tukuna, sannan a kwamfuta. Wanda ya gama ya turo mini hoton takardar da kod ɗin, zan duba in fitar da kura-kuran da suka fi yawa a fitowa ta gaba, tare da amsar masu tambayar yadda ake neman gurbin atacimen.